Daga Nima zuwa Kokomlemle: yadda girkin Zango ya zama abincin Ghana

A birnin Accra, kalmomin Hausa da suka fi yawo a bakin mutanen da ba sa jin Hausa su ne sunayen abinci. Ma'aikacin banki ɗan ƙabilar Ga, da direban motar haya ɗan Ashanti, da ɗalibar jami'a 'yar Ewe, kowannensu yana cewa koko da koose da waakye da tuo zaafi da fula da kanzo. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa asalin waɗannan sunaye shi ne koko da ƙosai da wake da tuwo mai zafi da fura da ƙanzo ba.

Tukwanen da suka yaɗa waɗannan sunaye suna cikin unguwannin Zango, musamman Nima da Maamobi da Accra New Town, wadda a da ake kira Lagos Town. Unguwar Kokomlemle tana tsakanin waɗannan unguwanni da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle. Ita ba Zango ba ce, unguwa ce ta ofisoshi da wuraren buga takardu da makarantu, kuma a nan gidan rediyon Joy FM yake. Amma kowace safiya abincin Zango ne ke ciyar da ma'aikatanta, kuma kasuwar da ke maƙwabtaka da ita tana ɗauke da sunan Malam Atta, wanda bakin mutane ya mayar da shi Malata.

Wannan ya sa yankin ya zama wuri mai kyau na duba wata tambaya da ta shafi Hausawan da ke zaune a Lome da Kwatano da Abijan da Yawunde da sauran biranen da ba su da rinjaye a cikinsu: yaya abincin 'yan tsiraru ke zama abincin ƙasa, kuma me masu dafa shi ke samu idan hakan ta faru?

Hanyar goro

Kalmar Zongo da ake amfani da ita a Ghana daga zango ta fito, wato masaukin fatake. Tun ƙarni na 18, musamman kuma a ƙarni na 19, ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salaga take. Suna kai tufafi da jan fata da dabbobi da kanwa, su dawo da goron da ake tsinkowa a dazuzzukan Ashanti. Tafiyar kan ɗauki watanni, saboda haka a kowane babban zango akan sami fatoma da mahauta da malamai da mata masu dafa abincin sayarwa.

Abubuwa biyu ne suka gangaro da mutanen Zango zuwa bakin teku. Na farko shi ne yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Ashanti a 1873 zuwa 1874, inda suka yi amfani da sojojin da ake kira Hausawan Glover. Wasu daga cikin waɗannan sojoji sun zauna a Accra, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Na biyu shi ne yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa kasuwar. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da shahararren malami kuma marubuci Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Shi ma Alhassan Ɗantata ya yi zama a Accra, inda mahaifiyarsa ke kasuwanci, kuma yana cikin Hausawan farko da suka riƙa tura goro ta jirgin ruwa zuwa Legas maimakon bin hanyar ƙasa. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a yammacin birnin. Nima kuwa ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu kuma malami, ya sami izinin zama daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Bayan yaƙin duniya na biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da leburori da 'yan kasuwa daga arewa da kuma ƙasashen maƙwabta.

A nan ya kamata a fahimci abu guda. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Nima da Maamobi akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Mosawa da Gurmawa da Yarabawa da Frafra. Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci, shi ya sa abinci da yawa ya fita duniya da sunan Hausa ko da hannuwan da suka gyara shi na ƙabilu da dama ne. Dagomba suna da nasu tuwon da suke kira sagim tun kafin zuwan fatake, Mosawa suna da sagbo, wanda masu jin Faransanci ke kira tô. Amma sunan da ya shiga allunan gidajen abinci na Accra shi ne tuo zaafi, ko TZ a taƙaice.

Wake da karan dafi

Waakye shi ne misali mafi bayyana. Asalinsa shinkafa da wake ne, abincin da duk ɗan Kano ko Maraɗi ya sani. Yadda aka rubuta sunan ma yana ba da labari. A Hausar Ghana, wadda ake kira Gananci, harafin k da ke gaban e ko i yakan koma c, sai wake ya zama wace. A ƙa'idar rubutun harshen Twi kuma ana rubuta wannan sauti da ky. Haka aka sami waakye. Ta wannan hanya ce aboki ya zama abochi, sunan da mutanen Accra ke kiran mai tsire da shi. A Jamhuriyar Benin ana jin watché ko atassi, a Togo kuma ayimolou, duk dai shinkafa da wake ne.

Abin da ya bambanta na Ghana shi ne launi. Mai dafa waakye takan jiƙa wake tun dare. Kafin asuba sai ta ɗora tukunya, ta zuba waken tare da damin karan dafi da ɗan gutsuren kanwa. Karan dafi shi ne busasshen kuben ganyen wata irin dawa da ake nomawa don launinta. Kanwa na aiki biyu a cikin tukunyar: tana sa wake ya yi saurin nuna, tana kuma jawo jan launin daga jikin karan zuwa cikin ruwa. Idan ruwan ya rine sai a tsame karan a zuba shinkafa. Kanwa ta yi yawa, abincin ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ta yi kaɗan, launin ya kwanta ya koma fari-fari. Babu ma'auni a rubuce, ido da hannu ne ke aunawa, kuma masu saye na gane waakyen kowace Hajiya daga launinsa tun kafin su ɗanɗana.

Wannan karan dafi shi ne wanda majema da dukawan Kano da Sakkwato ke rina fatar akuya da shi tun ƙarnoni da suka wuce. Jar fatar da aka riƙa ɗauka ta hamada zuwa arewacin Afirka, har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko, da shi ake rina ta. Masu saƙar tabarma da faifai ma suna amfani da shi. Ke nan kayan rinin baduku ne ya shiga tukunya, tare da kanwar da ke cikin manyan kayan da fatake ke kaiwa Gwanja.

Bayan launi sai haɗi. A Kano, garau-garau yakan tsaya ga mai da yaji. A Accra kuwa faranti ɗaya na waakye kan ɗauki miyar tumatir, da shito, wato baƙin yajin mutanen Ga da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande, da garin rogo da aka murje da mai, da taliya, da dafaffen ƙwai, da ganda wadda ake kira wele, da soyayyen kifi ko nama, da soyayyiyar ayaba, da ɗan ganyen salak. Mai saye ne ke tsara nasa, yana faɗin na sidi nawa za a zuba masa daga kowane. Wake da kanwa daga arewa suke, shito daga bakin teku, garin rogo daga gonakin kudu, ganyen da ake naɗe abincin kuma daga daji. Babu ƙabila ɗaya da za ta iya cewa duk abin da ke cikin farantin nata ne.

Koko, tuwo da tsire

Karin kumallon Accra shi ne abin da kowa ke kira Hausa koko. An maƙala masa sunan Hausa ne don a bambanta shi da kokon masara na mutanen kudu. Na Zango na gero ne. Ana jiƙa geron, a niƙa shi tare da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar gasarar ta kwana ta yi tsami, sannan a dama da tafasasshen ruwa. Tsamin da yajin su ne sirrinsa. Ana sha da ƙosai, ko funkaso wanda ake kira pinkaaso, ko masa, ko kuma fanken da mutanen Ghana ke kira bofrot. Wasu kan zuba soyayyiyar gyaɗa da madara.

Tuwon Accra ma ya sauya kama. Maimakon dawa ko gero, yawanci da garin masara ake tuƙa shi, a ƙara garin rogo don ya yi laushi da danƙo. Yakan fi tuwon ƙasar Hausa ruwa, kuma ana cin sa da miya biyu a kwano ɗaya: koriyar miyar ayoyo mai yauƙi da aka sa wa daddawa, da jar miyar tumatir mai nama da kayan ciki. Kore da ja a kan farin tuwo shi ne hoton da ɗan Ghana ke gani a ransa idan aka ce TZ. Kalmar tuwo ta shiga har cikin Twi: omo tuo, wato tuwon shinkafa, wanda iyalai da yawa a kudu ke ci ranar Lahadi da miyar gyaɗa bayan an taso daga coci. Ita ma daddawa a Ghana dawadawa ake ce mata.

Idan dare ya yi sai maza su karɓi titi. Mai tsire, wanda a nan ake kiran sana'arsa chichinga, yana kafa tukubarsa a bakin hanya da ƙofar wuraren shaƙatawa, da yajin ƙuli-ƙuli irin na gida. Mai shayi kuma yana soya ƙwai har tsakar dare. A gefen sha akwai fura da nono, da zoɓo wanda ake kira sobolo, da lamurje wanda ya koma lamugin, da brukina, haɗin gero da kindirmo da ya samo sunansa daga Burkina Faso. Masu karatu a Wagadugu da Bamako sun san shi da dèguè. Ba a daɗe da fara ganinsa a titunan Accra ba idan aka kwatanta da koko, amma yanzu ana sayar da shi cikin gorunan roba a cunkoson motoci har ma da manyan kantuna.

Sana'ar hannu ce

A ƙasar Hausa ba a raba gwanin abinci da sauran masu sana'ar hannu. Kamar yadda ake gane ɗinkin wani maɗinki ko zanen wani magini, haka ake gane miyar wata mata. A Accra wannan ya fito fili ta hanyar suna. Yawancin rumfunan waakye da koko ba su da wani suna sai na mai su, kuma masu saye, Musulmi da Kirista, Hajiya ko Amariya suke kiran ta. Sunan shi ne jarinta. Mutum kan tsallake rumfa biyar ya bi layi a ta shida, saboda ya san shiton da ake yi a can.

Sana'ar tana gudana ne daga uwa zuwa 'ya, ko daga uwar ɗaki zuwa yarinyar da ta zo daga arewa neman aiki. Yarinya takan fara da tsintar wake da wanke tukwane, ta wuce zuwa soya kifi, kafin a bar ta ta auna kanwa. Da ribar waɗannan tukwane aka gina ɗakuna, aka biya kuɗin makaranta, aka je aikin hajji. Ɗan wasan ƙwallon ƙafa Mohammed Kudus, wanda aka haifa a Nima a shekarar 2000 kuma ya buga wa Ajax da West Ham, ya tashi ne a irin wannan gida. Kafafen yaɗa labarai sun sha ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta rene su da sana'ar sayar da tuwo a unguwar.

Masu fasahar Zango sun daɗe da lura da haka. Marubuci Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a Amurka, ya gina ɗaya daga cikin sanannun gajerun labaransa, mai suna Mallam Sile, a kan wani mai shayi. An buga shi a mujallar The New Yorker a 2005, shekarar da littafinsa The Prophet of Zongo Street ya fito. A Nima, ƙungiyar matasa masu zane ta Nima Muhinmanchi Art, wadda sunanta ya fito daga kalmar muhimmanci, ta yi aikin zane a bangwayen unguwa don sauya kallon da ake yi mata, kuma mai zane Moh Awudu, ɗan unguwar, ya yi suna a ciki da wajen Ghana. Mawaƙan ƙungiyar VIP, su ma 'yan Nima, sun shigar da Hausa cikin kiɗan hiplife, sannan suka kafa bikin Sallah da ake yi a kan babban titin unguwar, inda masu abinci ke jeruwa tun daga rana har dare.

Daga Tamale kuma, Ibrahim Mahama ya yi suna a duniya da tsofaffin buhunan da ake zuba ’ya’yan koko na cakulan, daga baya a zuba masara da shinkafa da gawayi. Yana ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine, kamar yadda ya yi a baje kolin fasaha na birnin Venice a 2015. Irin waɗannan buhuna su ne ake saukewa daga manyan motoci a kasuwar Nima, ɗauke da sunayen 'yan kasuwa da aka rubuta da fenti.

A ɓangaren girki na zamani akwai Fatmata Binta, Bafillatana haifaffiyar Saliyo da ke zaune a Accra. Tana shirya liyafa inda baƙi ke cire takalmi su zauna kan tabarma su ci abincin Fulani da aka yi da acca da gero da daddawa. A 2022 ta zama mutum na farko daga Afirka da ya ci kyautar girki ta Basque da ake bayarwa a Sifaniya, kuma tana aiki da mata manoman acca a arewacin Ghana. Kayan da take amfani da su a wannan liyafa su ne dai ake aunawa da kwano a Nima da Malata.

Azumi, suna da addu'a

A cikin gida, abincin yana da wani aiki da bai shafi ciniki ba. A watan azumi titunan Nima da Maamobi kan cika da masu koko da ƙosai da masa tun la'asar, masallatai na raba buɗa-baki, maƙwabta na aika wa juna kwanuka. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021, yana dab da Nima. A taron addu'ar mamaci ana raba masa a matsayin sadaka. A wajen suna da ɗaurin aure goro ne ke buɗe magana, kamar yadda ake yi a Zinder ko Zariya. Ranar babbar Sallah kuma naman layya kan tsallaka zuwa gidajen maƙwabta Kiristoci.

Yara da yawa a Zangon Accra yau sun fi sakin baki da Turanci ko Twi, kuma Hausarsu ta bambanta da ta Kano, har ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba. Wasu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba, kakanninsu ma a Accra aka haife su. Amma sunayen kuka da kuɓewa da kanwa da daddawa da yaji ba su sauya a bakinsu ba. Madafa na cikin wuraren da harshen ya fi daɗewa a raye.

Abincin ƙasa, masu shi baƙi

Duk da wannan karɓuwa, matsayin mutanen Zango bai taɓa zama daram ba. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Abrefa Busia ta fitar da dokar da ta bai wa baƙi marasa takardun zama mako biyu su gyara takardunsu ko su bar ƙasar. Fiye da mutum 100,000 suka fita, da yawansu 'yan asalin Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, har da waɗanda aka haifa a Ghana. Mahauta da masu hatsi da masu rumfunan abinci sun sayar da kayansu a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta yi irin haka, ta kori kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya.

Kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Babban limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ɗan Zangon Accra ne, kuma yana cikin mutanen da aka fi girmamawa a Ghana. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya unguwannin Zango, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021. Duk da haka shugabannin Zango na ci gaba da kokawa cewa mai sunan Hausa ko Fulani yakan sha tambayoyi na daban idan ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa.

A nan ne maganar suna ke da nauyi. Idan aka tallata waakye a matsayin abincin Ghana, gaskiya aka faɗa, domin a Ghana aka ba shi wannan siffa. Amma idan aka faɗi haka ba tare da ambaton Zango ba, an cire wata hujja da ke nuna cewa mutanen Zango suna cikin waɗanda suka gina al'adar ƙasar. Akwai kuma batun kuɗi. Yanzu ana sayar da garin Hausa koko cikin fakiti a manyan kantuna da kuma shagunan 'yan Afirka a Landan da New York, manyan otal-otal na sa waakye a jerin abincin safe, matasa na karɓar oda ta Instagram da WhatsApp su aika da babur. Wasu daga cikin masu wannan kasuwanci 'ya'yan Zango ne. Amma matar da ke dafawa a lungu ba ta da jarin sayen injin tacewa ko biyan kuɗin rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, don haka sunan yana tafiya gaba, ita tana nan inda take.

Tukunya da kan iyaka

Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna zuwa daga arewacin Ghana da Burkina Faso, tumatir da yawa daga Burkina, albasa kuma daga Nijar, musamman jar albasar Galmi ta jihar Tawa. Saboda haka duk abin da ya taɓa kan iyaka sai ya taɓa tukunya.

A watan Yulin 2021 hukumomi sun tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie da ke tsakiyar birni zuwa Adjen Kotoku a bayan gari, abin da ya ƙara wa masu abinci kuɗin mota. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai da takunkumin ECOWAS, motocin albasa sun maƙale a hanya, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi a Accra. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Ga shi kuma kaso mai yawa na shinkafar da Ghana ke ci daga Biyetnam da Tailan ake shigo da shi, don haka faɗuwar sidi kan bayyana kai tsaye a cikin faranti.

Mai waakye ba ta iya ninka farashi ga lebura da ɗan makaranta. Abin da take yi shi ne rage awo, ko rage wake ta ƙara shinkafa, ko rage kifin da ke cikin shito. A irin wannan lokaci ne ingancin da aka san ta da shi ke shiga haɗari.

Ganye ko leda

Akwai kuma batun abin da ake zuba abincin a ciki. A da, waakye a cikin faffaɗan ganyen katemfe ake naɗe shi, irin wanda Yarabawa ke naɗe alale da shi. Ganyen na ba abinci ƙamshi, kuma yana ruɓewa idan aka yar. Leda da fararen robobin yarwa sun fi arha da sauƙin samu, sai suka mamaye kasuwa, har koko mai zafi ma a leda ake ƙulla shi.

Mutanen wannan yanki sun san illar hakan. Babban magudanar ruwan da ya ratsa Nima da Maamobi yana gangarawa ne zuwa kogin Odaw ta wajen Circle. A daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke Circle, dab da Kokomlemle, mutum fiye da 150 suka rasu. Toshewar magudanai da shara na cikin dalilan da aka bayar. A watan Yunin 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya sanar da aniyar hana shigowa da kuma ƙera robobin kumfa na zuba abinci. Tuni dai masu saye da yawa suka koma neman a zuba musu a ganye, har wasu rumfuna na amfani da shi a matsayin talla.

Abin da maƙwabta suka yi

Wasu ƙasashen yankin sun ɗauki matakin kare sunan abincinsu. A 2021 hukumar UNESCO ta sa dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal, ceebu jën, cikin jerin al'adun duniya. A watan Disamban 2024 ta sa attiéké na Kodebuwa, a zama ɗaya da saƙar kente ta Ghana da hawan Sallah na Kano. Nijar kuwa ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI, domin kada wani ya sayar da nasa da sunansu.

Abincin Zango ya fi wuyar yi wa irin wannan rajista, saboda ba na gari ɗaya ko ƙabila ɗaya ba ne, kuma ana dafa shi daga Accra har Kwatano. Abin da ya fi kusa shi ne abin da ƙungiyoyin matasa da sarakunan Zango za su iya yi da kansu: ɗaukar bayanin tsofaffin masu sana'ar cikin Hausa da sauran harsunan unguwa, haɗa mata cikin ƙungiyoyin da za su iya sayen hatsi da yawa lokacin kaka da neman rajista tare, da kuma rubuta asalin abinci a jikin fakiti. Matan da suka fara kai koko da waakye ƙofar ofisoshin Kokomlemle shekaru da dama da suka wuce sun tsufa, kuma yawancin abin da suka sani game da awon kanwa da tsamin gasara ba a rubuta shi ko'ina ba.